Marka da Sunan Ɗan Farinta

Ranar da ciwon ya kama yaron, zafin bazara ake yi irin wanda ke sa kaji su saki fukafukai su kwanta ƙarƙashin rumbu. Tun da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata suka fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta tarwatsa shi, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Marka tana tsakar gidansu a Tungar Badaru, wata 'yar tunga can bayan Sunke a ƙasar Anka, tana dakan dutsen zinariya a turmi. Yaron yana zaune gefenta yana cin ɗumame, hannunsa fari fat da garin dutsen. Can ta ji kwano ya faɗi. Ta juya ta gan shi ya sandare, idanu sun kakkafe, ƙafafu suna shure-shure.

Ta yar da taɓarya ta sungume shi. Abin da maƙwabta suka ji tana kira shi ne, "Inna! Inna, taho ki ga yaron ga!" Ko a cikin wannan hali ba ta kira sunansa ba.

Sunansa Halliru. Shi ne ɗan farinta, kuma sunan uban mijinta aka sa masa, to kunyar ta zama biyu.

Marka ɗiyar makiyaya ce. A ruga aka haife ta, wajen Gummi, ta tashi da ƙwaryar nono a ka, Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa. Uwarta ta hore ta a kan cewa macen kirki ba ta ambaton sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ana yabonsa ma sai ta kau da kai kamar ba nata ba. Da ta auri Tasi'u, wani manomi ɗan Tungar Badaru, ta tarar a gidansu ma haka abin yake. Uwar mijin nata, Inna Dija, ta yi zaman aure da Halliru babba har Allah ya karɓi abinsa, kuma ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Malam" take cewa. Da aka raɗa wa jikan sunan, Dija ta riƙa ce masa "Maigida", irin wasan kaka da jika, Marka kuwa "yaron ga". Haka aka zauna, mata biyu a gida ɗaya da sunan da ba mai iya furtawa a cikinsu. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Ladabi ne.

Shi dutsen bai daɗe da shigowa cikin gidaje ba. Tun da can ana haƙar zinariya a dazukan ƙasar, amma a bakin rami ake gama komai. Da zinariya ta yi daraja, sai wani kamfani na ƙasar waje ya ɓullo. Sunansa ya fi ƙarfin bakin mutanen tungar, Kamfani kawai suke cewa. Shi ba ya haƙa, saye yake yi. Ya ɗauki wani ɗan gari mai suna Bello ya zama wakilinsa, ya ba shi injin niƙa aka kafa kusa da rijiya. Inji ba ya cin dutse sai an farfasa shi ƙanana, don haka Bello ya riƙa raba buhuna gida-gida. Mata suna ciki ba sa fita, ga guduma ga turmi, ga kuma buƙata. Nan da nan abin ya zama sana'ar cikin gida kamar ƙuli-ƙuli ko saƙar faifai. Turmin da aka daka dutse da safe, shi za a ɗauraye a surfa gero da la'asar.

Wata rana, kafin ciwon ya shigo gari, mutanen Kamfani suka zo da farar mota. Mazan suka tsaya wajen inji. A cikinsu akwai mace guda, farar fata, kuma da yake namiji ba ya shiga gidan mutane, ita aka turo ciki, matar Bello tana yi mata jagora. Ta rufe hanci da baki da takunkumi, ga safar roba a hannu, ga takalmin roba har gwiwa. Ta durƙusa kusa da murhun Marka ta kankari ƙasa ta zuba a 'yar kwalba. Ta kankari bakin turmi. Ta fito da wata na'ura kamar ƙaramar rediyo ta ɗora a ƙasa, ta duba, ta sake ɗorawa a wani wurin, ta sake dubawa. Sannan ta tsaya tana kallon yaron, wanda ke wasa da tsakuwar dutsen yana sa wa a baki. Ta daɗe tana kallonsa.

Marka ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa mata, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Matar ta ja da baya, ta ɓoye hannuwa.

"Wagga wace irin baƙuwa ta?" in ji Dija. "Ko mu kutare na?"

Ta kafar zana Marka ta ga sun wanke takalmansu da ruwan da suka zo da shi kafin su shiga mota. Ba su ce wa kowa komai ba. Buhuna kuma suka ci gaba da zuwa kamar da.

Agwagi suka fara mutuwa a bakin kududdufin da ake wanke garin dutse. Bayan agwagi sai yara. Amai, ciwon ciki, sannan jijjiga. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iskoki ne suka fusata da haƙar da ake yi. Halliru bai daɗe yana jinya ba. Aka kai shi makwanci a gefen sauran, ba alama ba komai, yadda ake binne yara, damina ta zo ta shafe wurin. Masu ta'aziyya suka yi ta shigowa. Marka tana zaune a kan tabarma, kanta a duƙe, tana amsa "Da godiya". Ba wanda ya ga hawayenta, domin uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a. Abin da ta yi a bayan ɗaki, ita da Ubangijinta.

Daga baya likitoci suka zo suka ɗebi jinin yaran da suka rage. Suka ce gubar dalma ce, a cikin dutsen take, ƙurarsa ce yara ke haɗiya. Ɗiyar Marka ta goye, Nusaiba, aka kai ta Anka aka yi ta ba ta magani. Ta rayu, amma maganarta ta yi nauyi, kuma har ta girma abin da aka koya mata da safe ba ya kai yamma. Aka zo da shebur aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Kafin a gama wannan aikin, Bello ya riga ya kwance inji ya ɗora a babbar mota. Kamfani kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Tasi'u ya koma gonarsa. Mutum ne mai ƙarancin magana, bayan rasuwar ɗansa kuma ya ƙara. Shekaru suka shuɗe, sai ga masifar 'yan bindiga ta sauka a ƙasar. Wata ranar kasuwa suka tare hanya wajen Zugu, Tasi'u yana kan babur, bai dawo ba. Da tungar ta gagari zama, Marka ta ɗauki Nusaiba da tsohuwa Dija suka koma cikin Anka, wani ɗan'uwan Dija ya ba su ɗaki. Marka ta koma sana'arta ta ƙuruciya, tana dama fura a ƙofar gida.

A nan Raihana ta same ta. Lauya ce, asalinta 'yar Gummi, tana aiki da wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam. Ta zo da la'asar, ta sayi fura ta sha tukuna, ta yaba, ta tambayi rugar su Marka, ashe ma ta san wurin. Sai da aka gama wannan duka ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Yaya Marka, Kamfanin nan yana da uwa," ta ce. "Wanda kuka gani reshe ne, ya rufe ya tafi. Uwar tana can ƙasarsu, tana nan da ƙarfinta, kuma can akwai kotu."

"To mi yah haɗa kotunsu da mu? Mu da ko alƙalin Anka ba mu taɓa gani ba."

"Ƙasashen duniya sun zauna a Majalisar Ɗinkin Duniya, sun amince cewa kamfani, komai nisan inda ya je neman riba, wajibi ne ya duba kada aikinsa ya cuci mutane. In kuma ya cuta, a samu inda za a kai ƙara. Ba zan yi miki ƙarya ba, amincewa daban, tilastawa daban. Ana daɗewa. Wani lokaci ma a faɗi. Amma akwai ƙasashen da kotunansu suka fara sauraron irin wannan ƙara, kuma tasu tana ciki."

Ta bayyana mata cewa duk shari'ar a kan abu ɗaya ta rataya: shin Kamfani ya san da gubar, ya yi shiru? Su sun ce ba su sani ba, saye kawai suka yi daga hannun wakili, ba su taɓa sanin ana kai dutse cikin gidaje ba. Mazan tungar abin da suka gani bai wuce bakin inji ba. Waɗanda suka ga an shiga har murhu an auna ƙasa, mata ne. Matar Bello ta ce ita ba ruwanta. Sauran sun warwatsu, wasu Gusau, wasu Sakkwato, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Marka ta daɗe tana juya ludayi a cikin ƙwarya.

"Na gani," ta ce. "Da idona. In hwaɗi na, zan hwaɗi."

Raihana ta dawo da waya da ɗan abin kafa ta, ta ɗauki maganar Marka da hotonta. Marka ta ba da labari tiryan-tiryan, tun daga buhun farko har zuwa ranar da kwano ya faɗi. Ta yi shi yadda ya kamata mace mai tarbiyya ta yi: fuska a gefe, murya a kwance, "yaron ga ya zauna", "yaron ga ya ci", "anka kai yaron ga". Raihana ta saurara har ƙarshe, idonta ya yi ja, ta ce ya yi, ba abin da ya rage. Aka fassara aka aika.

Damina ta zo ta wuce kafin amsa ta dawo. Ranar da Raihana ta kawo ta, ko furar ba ta sha ba.

"Lauyoyin Kamfani sun ce a cire ki," ta ce. "Ke da shi."

"A cire mu ina?"

"A cikin ƙarar. Sun ce ga mace ta yi magana mai tsawo a kan ɗan da ta ce nata ne, ko sau ɗaya ba ta ambaci sunansa ba. Ba ta kalli mai tambayarta ba, ba ta yi hawaye ba. Ba takardar haihuwa, ba kabarin da za a nuna, kuma ya rasu kafin likitoci su fara ɗibar jini. Sun ce koya miki aka yi. Sun ce wataƙila ma ba a taɓa yin yaron ba."

Dija, wadda ke daga cikin ɗaki tana jin komai, ta yi salati da ƙarfi.

"Ni na yi sakaci," in ji Raihana. "Na saurara sau da yawa, kunnena bai ji akwai abin da babu ba. Innarmu ma har yau ba ta kiran sunan yayanmu. Ban tuna waɗanda za su saurara ba mu ba ne."

Ta ce alƙalin bai yanke ba tukuna. Ya ba da dama Marka ta ba da shaida da bakinta, ta allon talabijin daga Abuja, lauyan Kamfani ya yi mata tambayoyi. Ta ce ta riga ta samo wani malamin jami'a ya rubuta wa kotu bayanin al'adar, amma lauyan Kamfani zai tambayi sunan, ko shakka babu, don ya san nan ne wurin da ke ciwo.

"Zan iya roƙon a bar ni in faɗa, ke kuma ki gyaɗa kai," in ji Raihana.

"Sai su ce ke kis sa min shi ga baki," in ji Marka. "Ba abin da sunka ce ke nan ba tun hwarko?"

Bayan tafiyar Raihana, Dija ta fito da sandarta ta zauna a kan turmin furar da aka kifa.

"Ke ɗiyar Hulani, ashe kunyar taku ta baki ta? Ni na zaci ku anka sani da ita."

"Inna, sun ce ba a yi shi ba."

"Su ce mana! Allah bai san ya yi shi ba? Ni ban goya shi ba? Wanda yab ba da shi ya karɓe. Ki tashi ki kai mutuwa ƙara gaban Nasara, kamar kina jayayya da ƙaddara? Gobe a ce cikin Anka Marka ta tahi saida gawar ɗanta. Kuma ki buɗe baki ki kira sunan Malam, duniya na ji, ina raye?"

"Ba sunan Malam zan kira ba, Inna. Na yaron ga na."

"Ai ɗaya na, 'yar nema!"

Maganar kuwa ta fita gari, kamar yadda Dija ta faɗa. Wasu masu sayen fura suka ɗauke ƙafa. Wata maƙwabciya ta tambaye ta, cikin dariya, ko in an biya ta za ta sayi mota. Marka ta ce mata in ta saya za ta fara ɗaukarta, don ta ga ƙafarta ba ta gajiya da yawon gidajen mutane.

Amma a ranta abin bai kwanta ba. Tsoronta ba bakin mutane ba ne, batun jayayya da ƙaddara ne. Ta sa mayafi ta tafi wurin Malam Ridwan, limamin unguwarsu, ta durƙusa daga bakin zaure ta faɗa masa komai. Malam ya saurara yana jan carbi. Ya ce mutuwa ta Allah ce, wannan ba mai musu. Amma wanda ya ga rami a hanya ya yi shiru har yaro ya faɗa, ba a cewa ƙaddara ta wanke shi. Ya ce neman haƙƙi ba ya ɓata haƙuri, kuma wanda aka kira shaida ya ɓoye abin da ya gani, shi ne ke da abin tsoro.

"To sunan hwa, Malam?"

Malam Ridwan ya yi murmushi. "Wannan ba nawa ba ne. Addini bai hana ki ba. Tsakaninki da Dija ne, ni kuwa tsoron Dija nike."

Marka ta gwada a ɓoye. In ta tafi ɗibar ruwa ta ga ba kowa, sai ta buɗe baki. Harshen ya tashi ya tsaya. Abin da mutum ya shekara da shekaru yana kewayewa, ba ya faɗuwa don kawai an so. Wata rana Nusaiba ta same ta tsaye da bokiti tana motsa leɓe, ta tambaye ta da wa take magana. Ta ce da ba kowa.

Ba ta ƙara tayar wa Dija da zancen ba. Ta ci gaba da yi mata duk abin da ta saba, ruwan alwala da ɗumi, tuwo mai laushi saboda haƙora. Sai dai ta wanke zanenta na fita ta ninke, ta ajiye a inda tsohuwar za ta gani. Dija ta gani. Ta yi kwanaki tana gani, ba ta tanka ba.

Da safen da motar Raihana ta tsaya a ƙofar gida, Marka ta fito ta tarar da Dija zaune a bakin zaure, ta sha lulluɓi, ga sanda ga 'yar jakar goro.

"Inna, ina za ki?"

"Inda za ki. In kin yi shi ba ni nan, a ce kin ci amanata. In ina zaune kin yi, duk mai magana ya zo ya same ni." Ta miƙa hannu. "Kama ni, ke kuma Lauya ki ce ma direbanki ya bi a hankali, ƙashina ba na roba ba na."

Ɗakin da aka kai su a Abuja sanyi gare shi kamar cikin randa. Ga dogon tebur, ga allo a bango. A cikin allon ga alƙali can a ƙasarsu, wani dattijo mai tabarau, ga lauyoyi a gefe. Tafinta wani Bakano ne, ya gaishe su da ladabi. Dija ta dube shi sama da ƙasa ta ce wa Raihana, "Wanga zai iya da maganarmu kuwa? Kar ya kai musu rabi." Tafintan ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kakata 'yar Talatar Mafara ce." Dija ta ce to da sauƙi.

Aka rantsar da Marka. Lauyan Kamfani mutum ne mai taushin murya, bai ɗaga ta ba ko sau ɗaya. Ya tambaye ta ko an tilasta mata dakan dutse. Ta ce a'a. Ko an biya ta? Ta ce an biya. To wa ya ce ta daka a turmin da take abinci?

"Wanda yak kawo buhu har ƙohwar gida ya san ba ma'aikata gare mu ba," ta ce. "Turmi gare mu."

Ya tambaye ta batun baƙuwar. Ta faɗi takunkumi da safa da kwalba da na'ura, da ruwan da aka ƙi sha, da takalman da aka wanke. Ya juya tambayar ta nan, ya juya ta can, ta ba shi amsa ɗaya. Duk wannan kanta yana gefe, idonta a kan tebur.

Sannan ya ajiye takardunsa. Tafinta ya dubi Marka kafin ya juyar da tambayar, don shi ma ya san abin da ake nema.

"Wai ya ce, yaron da kike magana a kansa, yaya sunansa?"

Marka ta ji harshenta ya yi nauyi kamar yadda yake yi a bakin rijiya. Ta ji numfashin Dija a bayanta. Lauyan ya jira, ya ɗan juya wajen alƙali kamar mai shirin cewa kun gani.

"Ke muke jira, ɗiyar Hulani," in ji Dija a hankali. "Mun yi nisa da gida."

Marka ta ɗaga kai ta dubi allon, ido cikin ido da mutumin.

"Halliru," ta ce. Ta gyara murya ta sake. "Sunanai Halliru. Halliru ɗan Tasi'u. Ni na haihe shi, ranar wata Alhamis, ana girbin gero. Yana da tabo ga gira inda akuya tat tunkure shi. Ba ya cin tuwo sai da ɗumi. Ku rubuta."

Sai da ta rufe baki ta lura har sunan mijinta ta faɗa, wanda shi ma ba ta taɓa kira ba. Dija ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Tafinta ya juyar da maganar. Alƙali ya sa aka maimaita masa sunan, ya rubuta, ya gwada faɗa da bakinsa, ya karkace. Marka ta gyara masa. Ya sake, ya yi daidai.

Lauyan ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun farko.

"Don nawa na," ta ce. "Da ɗan wata na, da tuni na hwaɗi."

Bai ƙara tambaya ba.

A cikin mota, sun fita gari sosai kafin Dija ta sauke mayafinta. Idanunta sun kumbura. Ta ɓare goro ta miƙa wa Marka rabi, abin da ba ta saba yi ba.

"Kin ja shi da yawa," ta ce. "Malam bai son a ja mai suna. Gajere shike so."

Raihana ta fashe da dariya a kujerar gaba, har da share ido. Marka ta karɓi goron ta juya fuska wajen taga.

Bayan watanni amsa ta zo. Alƙali ya ƙi cire Marka, ya ƙi cire Halliru, ya kuma umarci Kamfani ya fito da sakamakon awon da ma'aikaciyarsa ta yi a gidajen Tungar Badaru. Lauyoyin Kamfani suka ɗaukaka ƙara a kan wannan umarnin. Da labari ya bazu, wasu mata biyu daga cikin waɗanda suka warwatsu suka aiko wa Raihana cewa su ma an shiga gidajensu, kuma za su yi magana.

Inna Dija ta rasu bara da azumi. Marka tana nan a Anka, a ɗakin nan dai, ita da Nusaiba, tana dama fura a ƙofar gida. Ba ta koma Tungar Badaru ba, don hanyar ba ta biyuwa. In zancen ɗanta ya taso, "yaron ga" take cewa kamar da. Raihana tana kiranta a waya duk lokacin da aka zauna, ta gaya mata inda aka tsaya. Kamfani bai fito da sakamakon awon ba tukuna, ba a kuma yanke hukunci ba. Marka ta ce in an sake nemanta Abuja, za ta je.